BAKI DA ZUCI: TARIHIN SHAIDAR BANGASKIYA A ƘUNGIYOYIN KIRISTA NA ƘASARMU

Gabatarwa

 A fitowar bana, shafin tarihi zai waiwayi wani ɓangare na jama'armu da ba kasafai ake rubutu a kansa ba, wato 'yan'uwanmu Kirista na ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Sanin kowa ne cewa mafi rinjayen mutanen waɗannan ƙananan hukumomi uku Musulmi ne, amma a cikin ƙauyukanmu da unguwanninmu akwai Hausawa Kirista, jikokin Maguzawa, waɗanda muke noma iyaka ɗaya da su, muke cin kasuwa ɗaya, muke kuma binne mamatanmu a cikin ƙasa ɗaya.

Abin da za mu bibiya shi ne wata tambaya da ta daɗe tana bin ƙungiyoyinsu tun kafuwarsu: idan jama'a suka miƙe tsaye suka furta da baki ɗaya cewa ga abin da suka gaskata, ko suka sa hannu a takarda cewa ga abin da suka yarda da shi, shin bakin da zucin suna tafiya tare? Tambaya ce da ta shafi duk wata ƙungiya da aka kafa a kan alkawari, har da tamu, shi ya sa muka ga ya dace mu ɗauko ta daga tushe.

Asalin Kalmomin Da Ake Furtawa

Duk wanda ya taɓa wucewa kusa da majami'a ranar Lahadi da safe, wataƙila ya ji lokacin da masu sujada suke tashi su karanta wasu jimloli tare, ba tare da duba littafi ba. Wannan shi suke kira shaidar bangaskiya. Wasu ɗariƙu suna karanta gajeriya wadda ake dangantawa da manzannin Almasihu, Katolika da Angalika kuwa suna da wata doguwa wadda tarihinta ya faro daga wani gari mai suna Nikiya, a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau.

A shekarar 325 Miladiyya, Sarkin Rum Kustantin ya tara shugabannin ikkilisiya kimanin 300 a garin, domin su sasanta wata gardama da ta taso a Iskandariya ta ƙasar Masar game da matsayin Almasihu. Wani limami mai suna Ariyus yana da fahimtarsa, bishop ɗinsa yana da tasa. Bayan doguwar muhawara, taron ya rubuta matsaya, aka ce kowa ya sa hannu. Mutum biyu, dukansu daga ƙasar Libiya, suka ce ba su yarda da abin da aka rubuta ba, don haka ba za su sa hannu ba. Aka kore su daga ƙasarsu tare da Ariyus. Wasu kuwa, cikinsu har da Yusibiyus na Nikomidiya, wanda ra'ayinsa ya fi karkata ga Ariyus, suka sa hannu suka koma gida.

Abin lura shi ne, ikkilisiya ba ta sha wahalar mutanen nan biyu da suka ƙi sa hannu ba, domin kowa ya san inda suka tsaya. Wahalar ta fito ne daga waɗanda suka sa hannu zuciyarsu tana wani wuri. Cikin 'yan shekaru Yusibiyus ya sami shiga a fada, shi ne ma ya yi wa Sarki Kustantin baftisma a 337, gab da rasuwarsa. Atanasiyus na Iskandariya, wanda ya tsaya kan matsayar taron, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa. Rigimar ba ta lafa ba sai a taron Kustantiniya na 381, wato bayan shekara 56. A 2025 ne Kiristocin duniya suka yi bikin cika shekara 1,700 da taron Nikiya. Wannan darasi na sa hannun da babu zuciya a ciki, shi ne za mu ga yana ta dawowa a tarihin ƙasarmu.

Zuwan 'Yan Mishan Da Jarrabawar Majiyyaci

Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin jama'a ba. Saboda wannan alkawari, an daɗe ana taƙaita ayyukan 'yan mishan a ƙasashen sarakunan Musulunci. Likita Mila na mishan ɗin Angalika ya sami zama a birnin Zariya a 1905, daga baya a 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa. Ita kuwa ƙungiyar SIM, wadda mutum uku suka faro a 1893, biyu daga ciki suka rasu a shekara ta gaba, ɗaya a Girku ɗaya a Bida, sai a 1902 ta kafa tasharta ta farko a Patigi, kuma ta daɗe tana aiki a wajen ƙasar Hausa.

A kudancin Katsina, hanyar jirgin ƙasa da cinikin auduga su ne suka fara kawo Kiristoci masu yawa. Dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa ta Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya zo da akawuna da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, waɗanda suka gina majami'unsu domin kansu. Gonar gwajin auduga ta Daudawa, a ƙasar Faskari, ita ma ta jawo baƙin ma'aikata. Amma waɗannan baƙi ne, ibadarsu da harsunansu suke yi.

Ƙofar da ta buɗe wa 'yan mishan shiga cikin talakawan Katsina ita ce cutar kuturta. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa SIM kula da asibitin kutare na Babbar Ruga, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Asibitin na hukumar gargajiya ne, ma'aikatan jiyya na mishan, kuma fahimtar da aka yi ita ce ba za a tilasta wa majiyyaci addini ba.

A nan jarrabawar farko ta bayyana. Mutum ya zo daga ƙauye, dangi sun guje shi, ga wanda yake wanke masa gyambo yana ba shi abinci, sa'an nan yana yi masa wa'azi. Idan ya ce ya ba da gaskiya, zuciyarsa ce ta yi magana ko yunwa da kunya? Tambayar ta hau kan ɓangarori biyu. Majiyyaci yana iya faɗin abin da yake jin ana so ya faɗa. Ɗan mishan shi ma yana da tasa jarrabar, domin masu aiko masa da kuɗi daga Amurka da Kanada da Ingila suna jiran rahoton mutum nawa suka tuba. Maganin da ikkilisiyoyi suka samo shi ne jinkiri. Ba a yi wa mutum baftisma ranar da ya ɗaga hannu. Sai ya shiga ajin baftisma na tsawon watanni, wani lokaci fiye da shekara, ya koyi karatu, dattawa su yi masa tambayoyi, a kuma bincika halinsa a wurin waɗanda suke zaune da shi. Wannan jinkiri ya rage yawan sunaye a rahoto, amma ya sa waɗanda suka rage suka zama ginshiƙai. Da yawa daga cikin masu bishara da ma'aikatan ɗakin magani na farko a ƙasar Hausa daga irin waɗannan asibitoci suka fito.

Maguzawa, Mata Da Giya

Jarrabawa ta biyu ta fi kusa da gida. Tun zamanin da, Maguzawa suna zaune a manyan gidajen gandu a dazuzzukan kudancin Katsina, suna biyan haraji ga hakimai, suna riƙe da al'adun iyayensu. Masanin tarihin nan Murray Last ya zauna cikinsu a ƙasar Malumfashi daga 1969 zuwa 1972, kuma ya yi rubutu a kan yadda fatauci da neman abinci suke da hannu wajen sauya addini. A tsakanin shekarun 1960 da 1980, makaranta da hanyar mota da kasuwa suka matse tsohuwar rayuwar gandu, har ya zama kusan kowane gida sai ya zaɓi inda zai fuskanta. Mafi yawa suka musulunta, wasu suka bi Almasihu ta hannun ikkilisiyar ECWA, ko Katolika da limaman Dominikan suka kafa daga Gusau da Malumfashi, ko Angalika, ko Baptis. Yunƙurin wa'azi na Sabon Rai Don Kowa, wanda ya fara a farkon shekarun 1960 ya kuma haɗa ɗariƙu da dama, shi ma ya shiga ƙauyuka da yawa.

Magidancin Bamaguje da ya nemi baftisma yakan ci karo da sharuɗɗa biyu masu nauyi. Na farko giya, wadda a wurinsu ba abin sha kaɗai ba ce, da ita ake gayya, da ita ake biki da makoki, kuma sana'a ce ta mata. Ikkilisiyoyin da suka fito daga SIM sun hana ta ƙwarai. Na biyu shi ne mata. Tun a taron bishop-bishop na Angalika da aka yi a Lambet ta Ingila a 1888 aka yanke cewa ba za a yi wa mai mace fiye da ɗaya baftisma ba, kuma yawancin ƙungiyoyin mishan sun bi wannan hanya.

To, mai mata biyu ko uku hanya uku ce a gabansa. Ko ya saki matan ya bar ɗaya, ya jefa uwar 'ya'yansa cikin wani hali. Ko ya yi wa dattawa ƙarya, ya ce ya rabu da ita alhali ya gina mata ɗaki a bayan gida. Ko kuma ya faɗi gaskiya, ya ci gaba da zuwa sujada, yana ba da baiko, yana aikin gayya idan za a yi wa majami'a jinka, amma ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya kuma riƙe muƙami. An sami masu bin kowace hanya. Waɗanda suka bi ta uku sun zauna a bencin baya shekara da shekaru, 'ya'yansu suka yi baftisma a gabansu, wasu ma suka zama fastoci, su kuwa suna nan yadda suke. A idon tsarin ikkilisiya ba su cika ba, amma ba su ci amanar matansu ba, ba su kuma yaudari jama'a ba. Shekara 100 cif bayan hukuncin farko, taron Lambet na 1988 ya sassauta, ya yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma tare da iyalinsa bisa sharuɗɗa, ciki har da cewa ba zai ƙara aure ba muddin matan suna raye. Gaskiyar waɗancan dattawa na bencin baya, a nan da sauran ƙasashen Afirka, tana cikin abin da ya tilasta wa shugabanni su sake duba lamarin. Da kowa ya ɓoye, da ba a ga matsalar ba balle a nemi gyara.

Haɗin Kai Ba Tare Da Rufa-rufa Ba

Jarrabawa ta uku ta shugabanni ce. 'Yan mishan da suka zo Arewa ba ɗariƙarsu ɗaya ba. Ita kanta SIM ta tara mutane daga ikkilisiyoyi dabam-dabam, abin da ya sa ta rubuta taƙaitaccen bayanin aƙida wanda duk mai son shiga aikinta sai ya amince da shi. A 1910 ƙungiyoyin mishan suka yi taro a Lakwaja, kuma daga nan aka shafe shekaru ana tattauna yadda za a kafa ikkilisiya guda ɗaya ga dukan masu bi na Arewa. Niyyar tana da kyau, domin sabon tuba ba ya gane dalilin da zai sa rigingimun Turai su raba shi da maƙwabcinsa.

Sai dai da aka zo kan filla-filla, bambancin ya ƙi ɓoyuwa. Angalika ba za su bar tsarin bishop ba. Su da Lutaran suna yi wa jarirai baftisma, SIM kuwa sai baligi, kuma sai an nutsar da shi cikin ruwa. Da sun so, da sun rubuta takarda mai harshen damo wadda kowa zai sa wa hannu ya fassara yadda ya ga dama. Ba su yi haka ba. Abin da suka yarda da shi suka yi tare, kuma mafi girmansa shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda ta fito a 1932, aikin da Likita Mila da abokan aikinsa Hausawa suka ba da babbar gudummawa a ciki. Abin da suka saɓa a kai kuwa, kowa ya riƙe nasa. Ikkilisiyoyin SIM suka zama ECWA a 1954. Waɗanda suka fito daga mishan ɗin SUM da maƙwabtansu suka kafa tarayya a 1955, wadda a yau ake kira Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, wato TEKAN. Kalmar tarayya da suka zaɓa tana da ma'ana: zumunci ne na ikkilisiyoyi masu cin gashin kansu, kowace da tsarinta.

Haka aka yi a 1976 lokacin da aka kafa Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN. An gina ta a kan rukuni-rukuni, a yau guda biyar, kuma ECWA da TEKAN suna rukuni ɗaya. Ƙungiyar ba ta ce ta shafe bambancin aƙida ba, aikinta shi ne magana da murya ɗaya a kan abin da ya shafi kowa. Ko a nan ma an gwada gaskiya. A farkon 2013 ya bayyana cewa Cocin Katolika ta dakatar da shiga harkokin CAN a matakin ƙasa na wani lokaci, saboda tana ganin shugabancin ƙungiyar ya kusanci siyasa fiye da kima. Mutane sun yi ta muhawara a kan ko matakin ya dace, amma dai an faɗi saɓanin a fili, ba a zauna a teburi ɗaya ana murmushi ana cizon yatsa ba.

A jiharmu, wadda aka ƙirƙiro ranar 23 ga Satumba 1987, waɗannan ɗariƙu sun yi girman da suka tsaya da ƙafarsu. Angalika ta kafa dayosis na Katsina a 1990. Katolika, wadda ta daɗe tana horar da katikis a Malumfashi ƙarƙashin dayosis na Sakkwato, ta sami nata dayosis na Katsina a watan Oktoba na 2023, kuma bishop na farko, Gerald Mamman Musa, Bahaushe ne haifaffen ƙasar Malumfashi. Wannan amsa ce ga mai zaton cewa furucin iyayensu na shekarun baya na ganin idon Bature ne. Turawan sun tafi, asibitoci da makarantun mishan gwamnati ta karɓe su tun shekarun 1970, amma jikokin suna nan a kan abin da aka furta.

Lokacin Tsanani

Jarrabawa ta huɗu ita ce wadda muka gani da idonmu. A watan Maris na 1987, rikicin da ya tashi a Kafanchan ya watsu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona majami'u da dama, aka yi asarar dukiya da aminci. Bayan shekaru kuma sai ga bala'in 'yan bindiga, wanda ya fi tsananta a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, cikinsu har da namu uku. Ba mu manta da kisan Kadisau a ƙasar Faskari a watan Yuni na 2020 ba. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A watan Janairu na 2023 an shiga wata majami'a a ƙasar Ƙanƙara ana cikin sujadar Lahadi aka tafi da masu ibada. A watan Agusta na 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi.

A irin wannan lokaci gaskiya takan yi tsada. Mai furta bangaskiyarsa a ƙauyen da ba jami'in tsaro ya san furucin yana iya jawo masa. Ma'ajin da aka danƙa wa kuɗin da talakawa suka tara don fanso ɗan'uwansu yana riƙe da amanar da babu rasiɗi a kanta. Shugaban ƙungiyar addini da 'yan jarida ko masu ba da agaji suka tambaya, yana iya ƙara gishiri a lissafi, ko ya ba da labarin kamar jama'arsa kaɗai ake kashewa, domin hakan ya fi jawo tausayi da tallafi. Wannan jaraba tana kan Kirista, tana kuma kan Musulmi. Wanda ya tsaya gaban jama'a ya ce ya gaskata da Allah mai ƙin shaidar zur, sa'an nan ya ƙara mutum ɗaya a lissafin gawa, ko ya rage na maƙwabcinsa, ya rushe abin da ya furta da bakinsa. Mu da muke zaune a nan mun san cewa harsashin bai tambayi kowa addininsa ba a Kadisau, kuma mun san akwai lokutan da aka nufi wurin ibada da gangan. Faɗin duka biyun, ba tare da ɓoye ɗaya ba, shi ne gaskiya.

Kammalawa

Daga Nikiya zuwa Babbar Ruga, daga bencin baya na majami'ar ƙauye zuwa teburin shugabanni, tarihin nan abu ɗaya yake nunawa. Ƙungiya tana iya jure wa mai cewa bai yarda ba, domin an san shi, ana iya zama da shi a tattauna. Abin da ke cinye ta kamar gara shi ne mai cewa ya yarda alhali bai yarda ba. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma alkawari kaya ne.

Mu ma a wannan ƙungiya ta ci gaban ƙasarmu muna da kundin tsarin mulki da kowane mamba ya amince da shi, muna da alkawuran gudummawa da ake shelantawa a taron shekara ana tafi. Ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa, daga ƙasar Sarkin Pauwa zuwa ta Sarkin Yamma da ta Kogo, nawa ne daga cikin abin da aka yi alkawari bara ya shiga asusu? Sau nawa muka ɗaga hannu muka amince da shawara a zaure, muka fita muna sukarta a bakin kasuwar Sheme? Wanda yake da ja, ya faɗa a gaban kowa, za mu girmama shi. Wanda ba zai iya ba da buhu ba, ya ce kwano zai bayar, ya kuma cika.

Muna roƙon dattawanmu na kowane ɓangare, malamai da fastoci, da su taimaka wa kwamitin tarihi da abin da suka riƙe a ka ko a rubuce, domin a adana shi kafin ƙasa ta rufe idon masu shi. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Jihar Katsina baki ɗaya, amin.